Keken da Aka Tsinta a Gonar Gero

Jiya wani yaro ya wuce ta ƙofar gidanmu yana tura keke, sarƙar tana ɗan ƙara cakal-cakal. Ina kan tabarma ina tsince shinkafa, sai na tarar na daina tsincewa, ina tunanin mahaifina.

Mahaifina mai sayen fatun awaki ne a Sakkwato, yana kai wa wani kamfanin Turawa. A wurinsu ya samo keke, lokacin da kekunan garin nan ba su da yawa. Basukur muke ce masa. Ni kuwa ina 'yar shekara bakwai, ga surutu, ga rashin tsoro.

Kakana yana wani ƙauye can arewa, in an fita ta Ƙofar Kware. Shi ne limamin garin. Da idonsa ya ga shigowar Nasara, kuma tun ranar ya yi rantsuwa kayansu ba zai shiga gidansa ba. Ko ashana ba a kunnawa a gidan, sai ƙyastu. A ƙasa, tafiyar takan ci daga asuba har azahar, shi ya sa a da mahaifina ba ya zuwa sai da salla. Da keke ya samu, sai ya koma zuwa duk Alhamis, ni kuma yana ɗauke da ni a baya bisa nannaɗaɗɗen zane, don tsohon ya ce kada a zo masa ba amaryarsa. Haka yake kirana, irin wasan kaka da jika.

Ba zan iya gaya muku daɗin hanyar nan ba. Da an bar ganuwa sai duniya ta yi tsit. Turba ce siririya, wani wuri jar tsakuwa mai ƙara a ƙarƙashin taya, wani wuri rairayi, dole mu sauka mu tura. A hau tudu Baba na nishi, a gangara iska na kaɗa mini kunne, fadamar shinkafa shar a hagu, giginya tsaye jefi-jefi. Ba ka gamuwa da kowa sai mai jaki ko Bafillatana da ƙwaryar nono. In dattijo ne, Baba ya sauka ya gaishe shi, sannan mu wuce.

Kafin mu isa gari, akwai wata gonar gero. Nan Baba yake shiga da keken ya kwantar da shi tsakanin kunya, ya karkaɗe riga, mu ƙarasa a ƙasa. Ya ja mini kunne sau ɗaya tak, ban kuwa taɓa faɗa ba. Albarkar tsohon yake tsoron rasawa, ni ma na gane haka ko da ƙuruciyata.

Abin da ya manta shi ne gero yana nuna. Ɗan ƙauye ne, amma zaman birni ya sa ya daina lissafin kaka. Ran wata Alhamis muna zaune a ƙofar zaure, kakana na tsokanata wai na yi masa rowar goro, sai ga 'yan gayyar girbi sun nufo mu, mutum biyu ɗauke da keken a kafaɗa. Al'adar garin ke nan: duk abin da aka tsinta, wurin liman ake kaiwa a yi cigiya. Suka ajiye shi a gabansa, gefen tabarma.

Kakana ya dubi keken, ya dubi jama'a, ya ce, "Wanga abu, na wa na?"

Ba wanda ya tanka. Na ɗaga kai na dubi Baba. Idonsa na ƙasa, yana jan zaren bakin tabarma. Wallahi maganar ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta.

Tsohon ya sake duban keken. Can ya ce, "To, tsintuwa ta. A jingine shi ga tsamiyar can, waje. Mai shi ya zo ya ɗauki abinai, ba mai tambaya tai komi."

Yanzu da na tsufa na san hanya ya buɗe wa ɗansa. A garin nan wa ke zuwa daga birni duk mako, ya iso da hantsi ba gumi ba gajiya? Amma Baba ya riga ya yi shiru a gaban jama'a, kunya kuma ta ɗaure shi. In ya ɗauka, ya tabbata ya ɓoye wa mahaifinsa gaskiya wata da watanni. Da za mu tafi, muka bi ta gaban tsamiyar bai ko waiwaya ba. A ƙasa muka koma, rabin hanya ina bisa wuyansa.

Daga nan zuwan Alhamis ya yanke. Aiki ba ya barin mutum ya ɓata kwana biyu kan hanya duk mako. Da salla muka je, keken na nan jingine ƙarƙashin wata rumfar zana, muka gaisa da tsohon, ba wanda ya ɗaga maganar.

Da bazara aka aiko cewa jikin kakana ya yi tsanani, yana kiran Baba. Ɗan aiken ya iso da hantsi, Baba ya kama hanya a ƙasa cikin wannan rana ta Sakkwato. Ya isa bayan la'asar, ya gamu da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Gwaggona ce ta gaya mini sauran bayan na girma. Ta ce tsohon ya cika da azahar. Ta ce tun ranar girbin nan shi ya sa aka yi wa keken rumfar zana don kada rana ta lalata shi, kuma duk Alhamis yakan fito ƙofar zaure ya zauna, ya tambaya, "Mai shi bai zo ba?"

Baba bai ƙara hawa keke ba har ya rasu. Na daɗe ina jin haushinsa, na kuma ji haushin kaina, don kalma ɗaya daga bakina ta isa. Da sai a yi mini faɗa, a yi masa, a wuce wurin.

Yau hanyar ta zama kwalta, gidaje sun cinye gonakin, mota kan kai mutum garin kafin ruwan shayi ya huce. Jikokina na da babura da motoci, wasunsu nan unguwar Runjin Sambo suke, amma sai wata ya wuce ban gansu ba. Ba na yi musu kawaici irin na mutanen da. Nakan aika a ce musu ina nemansu, su zo yau.