Gonar Kawu a Kan Taswira

Aikin rediyo ya horar da ni a kan abu ɗaya: in mutum ya yi magana, a faɗi abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Saboda wannan shaidar aka ɗauke ni tafinta lokacin da wasu malaman jami'a suka zo yankinmu bincike a kan yadda gari ke cinye gonaki. Shugabarsu wata Dakta ce daga kudu, ba ta jin Hausa. Mace ce mai kirki, tana yawo da ɗalibanta tsakanin Gumel da Maigatari, da rikoda da takardar tambayoyi. Manufarsu a gano ƙasa mai albarka a tsare ta, gine-gine kuma a karkata su inda ba a noma komai.

Ni na kai su gonar kawuna, wan mahaifiyata. A bakin titi take, gidajen ƙarshen gari har sun fara leƙo ta. Damina biyu bai shuka ta ba, hutar da ita yake yi. Da rani yakan bar Fulani su sauke shanu a ciki su bar masa taki, shi kuma ya lallaɓa da 'yar gonarsa ta bayan ƙauye. A damina ta uku zai komo mata da gero. Duk dangi sun san haka. Ni ma na sani, don a cikinta na koyi riƙon fartanya.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a wajenmu: manomi ba ya yabon gonarsa a gaban baƙo. Ana tsoron baki, kuma tsofaffi ba sa sakin jiki da mai takarda da biro.

Dakta ta kunna rikoda, ta yi tambaya, na juya masa.

"Kawu, wai bana ka shuka nan?"

"Ina fa."

"Bara fa?"

"Kai ɗan nan, kamar ba ka sani ba? Ko rediyon ya cinye maka kai?"

"Amsa za ka ba ta, Kawu. Wai yaya ƙarfin ƙasar?"

Ya dubi kashin shanun da ya rufe ƙasa, ya taɓe baki. "Wannan? Fako ce. Ko akuya ta shigo sai ta fita da fushi. Gado ce kawai, babu yadda zan yi da ita." Ya ƙyafta mini ido.

Na maida mata maganarsa daidai, har da akuyar, ta yi dariya. Ƙyaftawar ido ba ta shiga rikoda, ni kuma ban saka ta ba. Jimla ɗaya ta isa in ce mata haka ake magana a nan, amma ina kaffa-kaffa kada a saurari muryata daga baya a ce na gyara wa ɗan'uwana zance. A takardar gurbin amsa uku ne: ana nomawa, an yi gini, ba a amfani da shi. Ta yi alama a na uku, ta rubuta maganar akuyar a gefe. Kawu ya dangwala yatsa, ya ba su gyaɗa.

Da bincike ya kammala aka tara mu a wani zaure a Gumel, ɗalibai da masu unguwanni da ma'aikata. Aka haska taswira a bango. Gonaki masu kyau kore, wuraren da gari zai iya faɗaɗa ba tare da asara ba ruwan ɗorawa. Ni na karanta bayanin da Hausa, aka tafa. Na gane gonar da tsamiyar da ke kusurwarta. Ruwan ɗorawa ce. Na gaya wa kaina cewa irin waɗannan takardu a kabad suke tsufa.

Wannan ba ta tsufa ba. Masu yanka filaye suka same ta, kuma ba su taɓa samun hujja mai tsabta irinta ba. Kafin ruwa ya sauka suka kafa turakun siminti a gonar.

Kawu ya zo har gida ya ɗauke ni mu je ofishinsu. "Kai ne shaidata," in ji shi. "Kana wurin."

Jami'in ya bar shi tsaye, ya saurare shi yana duba waya. Sannan ya jawo kwafin takardar.

"Baba, wannan yatsanka ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma ai magana ce irin ta..."

"To mu ma da maganarka muka yi aiki. Ko akuyar ce ta dawo ta ba da haƙuri?" Na kusa da shi suka fashe da dariya. Ya juyo gare ni. "Malam, mun san muryarka, ba ka ƙarya. Ya ce fako ce ko bai ce ba?"

Na fara cewa akwai al'ada. Ya ɗaga hannu. "Ya ce, ko bai ce ba?"

"Ya ce."

Na rubuta wa Dakta. Ta amsa da dogon saƙo mai cike da takaici, ta ce za ta sa wannan darasi a cikin abin da take koya wa ɗalibai, amma rahoto ya riga ya fita daga hannunta.

Da ruwan shuka ya sauka, Kawu ya shuka gero a tsakanin turakun. Takin shekara biyu ya yi aikinsa. Masu wucewa a motar Gagarawa har leƙe suke yi, kara ya fi tsayin mutum, ganye baƙi ƙirin. Yana fara fitar da kai katafila ta zo share hanyoyin sabuwar unguwa. Kafin azahar ta gama. Mahaifiyata ta ce yana tsaye a gindin tsamiya har aka kashe injin, sannan ya tambayi direban ko an yarda ya kwashi karan ya kai wa tumakinsa. Aka ce ya kwasa, amma ya yi sauri.

Da sallah na je gaishe shi. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarmar baƙi a ƙofar gida, aka kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni iyali, ya tambaye ni aiki.

"To Malam, mun gode da ziyara," ya ce. "A sauka lafiya."

Bai ce in shiga ciki ba.