Goggo Mai Kwalba da Ƙamshin Riɗi a Matakala

Kafin kowa ya ɗora ruwan shayi a benen nan namu, tsintsiyar Goggo Mai Kwalba ta riga ta kama aiki. Daga hawa na ƙarshe take farawa, can kusa da tankin ruwa, ta biyo matakala tana sharowa ƙasa, bokiti a gefe, tsumma a kafaɗa. Aikin da aka ɗauke ta ke nan tun muna sababbin shiga gidan, shara da goge-goge. Amma a kowace ƙofa sai ta ɗan dakata, ta dafa ƙugu, ta ja numfashi. Mu a da mun ɗauka gajiya ce, ashe shinshinawa take yi. Sashen da aka yi girki jiya, tun daga bakin ƙofa take ganewa, haka ma wanda ba a kunna wuta ba. Ta kuma dubi takalman da ke waje, ko sun gusa daga inda ta bar su. Kafin ta sauko ɗan ɗakinta da ke ƙasa, ta san wa ke kwance, wa kuma ya kwana bai sa komai a bakinsa ba.

Daga nan sai ta wanke hannu ta koma wa aikin da ba wanda ya sa ta. Ta rege riɗinta tsaf, don ba ta yarda da tsakuwa ko guda, ta baza a faranti ya sha iska, sannan ta zuba a busasshen kasko, wuta kaɗan-kaɗan. A wannan lokacin ko sallama ka yi sai dai ta ɗaga maka gira. Riɗi, in ji ta, ba ya son a juya masa baya. Kana waiwayawa ka ga wa ya shigo, ya ƙone ya yi ɗaci. Can sai ƙamshin ya kama matakala yana hawa, hawa bayan hawa, har ya shiga ta ƙarƙashin ƙofofinmu. Shekara da shekaru wannan ƙamshi ne agogonmu. Duk uwar da ta ji shi alhali yaranta ba su gama shirin makaranta ba, ta san yau an makara.

Injin niƙanta na hannu ne, na baƙin ƙarfe, ɗaure a jikin benci a ƙarƙashin matakala. Nan take zama ta niƙa soyayyen riɗin, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har ya saki mansa ya riƙa zuba kamar zuma. Wannan niƙaƙƙen riɗi shi ake kira tahina, ta kuwa koyi yinsa ne tun tana budurwa, a wani gidan abinci inda take wanke-wanke. Sai ta ɗiba a kwano, ta sa dakakkiyar tafarnuwa da gishiri, ta matse lemon tsami, ta riƙa ɗiga ruwan sanyi tana burgawa har ya zama miya fara sol, mai laushi, wadda ake dangwala da burodi ko a zuba a kan dafaffen dankali. Ta ɗura a kwalaben da mu muka zubar, ita ta tsince ta wanke ta tafasa. Sannan ta sake hawa matakalar nan da ta share, ta ajiye kwalba da ɗan burodi a ƙofar da hancinta ya nuna mata, ta sauko abinta ba ta ƙwanƙwasa ba.

Ƙarshen watan nan Goggo za ta bar mu. Kafaɗarta ta dama ta gaji, likita ya hana ta tsintsiya ya hana ta niƙa, 'yarta kuma ta ce ba za ta ƙara barin uwarta a ɗakin ƙarƙashin matakala ba, ta riga ta gyara mata wuri a gidanta. Yarinyar ta kyauta, ba mai cewa ba ta kyauta ba. Sai dai tun da aka tsayar da maganar, tambaya ɗaya Goggo take maimaitawa, ga duk wanda ya zauna kusa da ita: “To idan na tafi, wa zai hau?”

Tela, wadda ke ɗinki a hawa na biyu, ta san nauyin wannan tambaya. Shekarar da aka yi mata aiki a ciki, mijinta yana can wurin aiki a nesa, ita kaɗai ce a sashenta, ko ƙamshin mai ba ta son ji. “Wallahi ko ruwa na sha sai ya dawo,” in ji ta. “Na buɗe ƙofa in zubar da shara, na ga kwalba. Na ce bari in lasa don kada Goggo ta ji haushi. Ban ankara ba sai ga ni ina kankare ƙasan kwalbar da yatsa.” Irin wannan labari kusan kowace ƙofa tana da nata: mai jego, ɗalibin da ke zaune shi kaɗai, tsohon da haƙora suka ƙare masa. Kuma ba wanda ya taɓa jin sirrinsa a bakin wani. Goggo tana da faɗa, wannan kowa ya shaida, amma abin da ta shinshino a ƙofarka a cikinta yake kwana.

Ba a rasa waɗanda suka so su koya ba. Tela kanta ta sauko da kwanonta da zumuɗinta. Amma miyar tahina tana da wani hali da ke kashe wa sabon shiga gwiwa: da zarar lemon tsami da ruwan farko sun shiga, maimakon ta saki, sai ta ɗaure, ta dunƙule, ta yi gudaji-gudaji, maburgi ya ƙi motsi. Duk mai hankali zai ce abu ya lalace. Goggo kuwa ba ta iya bayani ba, iyakarta ta tsaya maka a ka tana cewa, “Ci gaba! Ɗiga ruwa! Wa ya ce ki tsaya?” Tela ta burga har gumi ya jiƙe mata ɗankwali, ta dire kwanon ta ce, “Goggo, ni dai bar ni da kekena, shi in na taka yana tafiya.” Haka ɗaya bayan ɗaya suka gudu, kowacce a daidai wannan gaɓa.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ƙetare ta, shi ma ba koyo ya zo yi ba. Direba ne, wanda ke hawa na ƙarshe, ya yi shekaru yana jan motar safa kafin ya ajiye aiki. Bayan rasuwar matarsa, da masu gaisuwa suka watse, sai ya rufe ƙofa. Takalmansa suka daina motsi. Goggo ta ajiye kwalba, washegari ta tarar da ita yadda ta bar ta, burodin ya bushe. Ta canza wata, ita ma haka. A rana ta gaba ta karya ƙa'idarta, ta buga ƙofar da gindin tsintsiya har sai da ya buɗe. Mutumin ya zabge, riga tana rawa a jikinsa.

“Goggo, na gode, amma ba na jin yunwa,” ya ce.

“Wa ya yi maka maganar yunwa?” ta ce. “Hannu na zo nema. Kafaɗata ta riƙe, ga riɗi na soya, ga masu jira. Kai da ka saba murɗa sitiyari, ɗan injin nan ne zai gagare ka?”

Kunya ce ta sauko da shi. Ya zauna a bencin nan ya niƙa. Da ya gama zai tashi, ta tura masa kwano da maburgi, ta matse lemo, ta ɗiga ruwa. Nan take abu ya ɗaure. Direba ya dubi gudajin da ke cikin kwanon ya ce, “Na ɓata miki. Ni komai na taɓa yanzu lalacewa yake.”

“Ci gaba.”

“Goggo, ya mutu fa.”

“Bai mutu ba. Haka yake yi kafin ya saki. Ci gaba na ce.”

Tela, wadda ta leƙo daga sama, ta ba mu labari cewa da fushi Direba ya riƙa burgawa, hawaye na zuba masa bai ko share ba, Goggo kuma tana ɗiga ruwa kamar ba ta gani. Can sai maburgi ya fara tafiya, gudajin suka narke, miyar ta yi fari ta yi santsi. Direba ya tsaya yana kallon miyar. Goggo ta gutsuro burodi ta miƙa masa ta ce, “Ɗanɗana mini gishiri, yau harshena ya mutu.” Ya ɗanɗana ya ce kamar da saura. Ta ƙara ƙwaya biyu ta ce ya sake ji. Haka ta yi ta wasa da hankalinsa har burodin ya ƙare a hannunsa. Abin da bai sani ba a ranar, kafaɗar Goggo lafiyarta lau, harshenta ma haka. Ya warware, ya koma fita, yakan taya ta niƙa in ya ga dama, amma maburgi bai sake taɓawa ba. Wai shi wannan ba hanyarsa ba ce.

Goggo, ke ce kika ciyar da mu ba tare da kin sa mun sunkuyar da kai ba. Ke ce kika gane cewa mai yunwa a bayan rufaffiyar ƙofa ya fi tsoron a tambaye shi fiye da yunwar kanta. Mun wuce ki a matakala sau ba adadi, muna ɗaga ƙafa don kada mu taka inda kika goge, muna ganin iyakar aikinki ke nan. Yau da muke tuna shekarun nan, babu abin da muke kewa kamar ƙarar injinki da safe, da faɗanki a kan masu zubar da kwalba ba murfi.

Makon jiya 'yarta ta zo da kwalaye aka fara ɗaure kaya. Da aka zo kan injin, yarinyar ta ce, “Mama, wannan fa ba inda za mu sa shi, kuma likita ya hana ki. A bar wa masu sayen ƙarafa.” Goggo ba ta yi musu ba. Ta sa aka kwance shi daga benci aka jefa a kwali, ta jera wankakkun kwalabenta a gefe, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Kwana biyu ba wanda ya ji motsin tukunya a ɗakin nan. Mu kuwa kowa yana ta harkarsa, muna wucewa ta bakin ƙofarta muna cewa ai hutawa take.

Da safiyar rana ta uku ta leƙo ta ga kwalin wayam, ba inji, kwalabe ma an rage. Ta zauna a bakin gado ta ce shi ke nan, masu ƙarafa sun zo. Tana nan zaune sai hancinta ya kama wani abu. Ƙamshin riɗi ne, amma yau daga sama yake saukowa. Ta fito da ƙyar, ta kama ƙarfen matakala, ta ɗaga kai ta ja numfashi, sannan ta ƙwala wani kira da ya tashi duk benen: “Kai mai soya riɗin nan, sauke kaskon! Zai ƙone!”

Wajen hantsi aka ji takun mutum yana saukowa a hankali. Direba ne, gaban rigarsa duk ɗigon tahina, kwalba a hannu ɗaya, burodi a ɗaya. Ya tsaya a ƙofarta yana sosa ƙeya.

“Na wuce nan shekaranjiya, na wuce jiya,” ya ce, “ban ji alamar wuta ba. Takalmanki ma suna inda suke.”

“Ba na jin yunwa,” in ji Goggo.

“Wa ya yi miki maganar yunwa? Gishiri nake so ki ɗanɗana mini, yau harshena ya mutu.”

Ta dube shi, ta dubi kwalbar. A iya zamanta a gidan nan ba a taɓa ajiye mata ɗaya a ƙofa ba. Ta karɓa, ta buɗe, ta dangwala, ta tauna a hankali.

“Tafarnuwa ta yi yawa,” ta ce. “Ya ɗaure maka?”

“Ya ɗaure kamar siminti.”

“Sai ka yi yaya?”

“Sai na ci gaba.”

Goggo ta kau da kai ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin riɗin da ya kusa ƙonawa ne. Ta cinye burodin tas. Da 'yarta ta dawo tana tambayar ina injin, ta ce mata, “Yana sama. Ya samu mai shi.”

Mun gode, Goggo Mai Kwalba. Allah ya huta da kafaɗar nan, ya sa inda za ki a riƙa shinshina ƙofarki yadda kika shinshina namu. Ku kuma da kuke karanta wannan, ba sai kun iya niƙa riɗi ba. In kun zo wucewa ta ƙofar maƙwabci, ku ɗan rage sauri, ku ja numfashi, ku dubi takalmansa. A benenmu dai tun jiya mun fara ganin wani tsoho yana saukowa daga hawa na ƙarshe da sassafe, yana tsayawa a kowace ƙofa yana dafe ƙugu, wai shi gwiwa ce take damunsa.