Tarihin Baba Murɗa, Mai Wankin Sandunan Golf

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi Baba Murɗa a shekarar 1949, a ɗaki na ƙarshe cikin jerin ɗakunan ma'aikata da ke bayan filin wasan golf na garinsu, daura da rumfar da ake ajiye injinan yankan ciyawa. Mahaifinsa mai yankan ciyawa ne a filin, mahaifiyarsa kuwa wanki da guga take yi wa masu zuwa wasa. Mutane ne masu mutunci da rufin asiri, sai dai ba su da gona, ba su da gida na kansu, ba su kuma da dangi a kusa. Iyakar abin da suka mallaka shi ne lafiyar jikinsu da ɗakin da aiki ya ba su. Shi ne ɗansu na fari, mata biyu ke bi masa.

Saboda wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba, yana da kyau a bayyana cewa kashi uku gare ta: mariƙi, da dogon jiki siriri, da kai mai nauyi na ƙarfe ko na katako wanda ke bugun ƙwallo. Inda kai ya haɗu da jiki shi ake kira wuya. Idan wuya ya saki, mai wasa ba ya sani, sai ranar da ya ɗaga sanda ya kai bugu da dukkan ƙarfinsa, kan ya fice ya nufi inda ya ga dama.

Abin da ya faru ke nan a shekarar 1957. Mahaifinsa yana durƙushe yana cire ciyawa kusa da inda ake fara bugu, sai kan wata sanda ya fice ya same shi a fuska. Yaron, mai shekara takwas a lokacin, yana tsaye a gindin bishiya da kwanon abincin mahaifinsa a hannu, a kan idonsa aka yi komai. Mahaifin ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Da aka watse, yaron ya tsinci kan sandar a cikin ciyawa ya sa a aljihu, kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Karatunsa

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1956, ya kammala a 1963. Waɗanda suka yi aji ɗaya da shi sun shaida cewa yaro ne mai natsuwa, marar yawan magana, wanda ya fi ƙwarewa a aikin hannu. Suna kuma tuna wata ɗabi'a tasa da ke ba su dariya: ba ya zama a kan benci sai ya girgiza ƙafafunsa, ba ya karɓar fartanya a gonar makaranta sai ya jijjiga ƙotarta. Bai samu zarcewa gaba ba, domin bayan raunin an mayar da mahaifinsa gadin ƙofa, gidan kuma yana bukatar hannu na biyu.

Aikinsa

A shekarar da ya bar makaranta ya fara ɗaukar wa 'yan wasa jaka. A 1966 tsohon da ke kula da ɗakin gyaran sanduna ya lura da yadda yake goge kowace sanda kafin ya mayar da ita jaka, sai ya ɗauke shi. Ɗakin ƙarami ne, mai taga ɗaya da dogon teburi wanda mai ya baƙanta. A ƙarƙashin teburin akwai bokiti, a jikin bango kuwa tsofaffin burushin haƙori ne jere a cikin gwangwani.

A nan ya koyi aikin daki-daki. Ruwan wanki ɗumi ake so, domin ruwan zafi yana kashe gam ɗin da ke riƙe da wuya. Ruwan kuma iyakarsa fuskar ƙarfe, ba a bari ya taɓa wuya. Tsagogin da ke fuskar ana bin su ɗaya bayan ɗaya da burushi da tsinke har ƙasar da ta daskare ta fita, sannan a tsane da tawul, a shafa ɗan mai saboda tsatsa. Kan katako ba ya shiga bokiti ko kusa, tsumma mai laima ya ishe shi. Mariƙi kuwa da sabulu ake wanke shi, a shanya a inuwa, don kada ya yi santsi a hannu.

A kan wannan tsari ya ƙara abu guda wanda ba a koya masa ba. Bayan ya gama da kowace sanda, sai ya damƙe mariƙin da hagu, ya kama kan da dama, ya murɗa da iyakar ƙarfinsa, yana kasa kunne. In ya ji motsi ko ɗan ƙara komai ƙanƙantarsa, sandar ba za ta bar ɗakin ba sai ya cire kan, ya kankare tsohon gam, ya sa sabo, ta kwana. In kuwa bai ji komai ba, sai ya ce ta zauna. Daga nan abokan aiki suka laƙaba masa Murɗa, sunan ya bi shi har ya rufe na yanka.

A shekarar 1974 tsohon ya yi ritaya, aka damƙa masa ɗakin. 'Yan wasa masu gaggawa sun sha ƙorafi a kansa. An ruwaito cewa wani ya taɓa tsayawa a bakin taga yana duba agogo, ya ce, “Malam, wanki na kawo maka, ban ce ka yi kokawa da ita ba.” Shi kuwa bai ɗago ba ya amsa, “Yallaɓai, yi haƙuri. Gara ta cire a hannuna da ta cire a naka.” Wannan ita ce amsarsa ga kowa, babba da yaro. Burinsa ɗaya ne, ya kuma sha faɗa: kada sandar da ta bi ta hannunsa ta raunata ɗan kowa.

Aurensa da 'Ya'yansa

Ya yi aure a shekarar 1975. Matarsa tela ce, mace mai barkwanci, ita ce ta riƙa ɗinka wa kawunan katako huluna da ragowar yadi don kada su gogi juna a cikin jaka. Takan ce a gaban baƙi, “Duk abin da ke gidan nan an murɗa shi, har da ludayi. Ni kaɗai aka ɗauko ba gwaji.” Shi kuma yakan ce, “Ke ai tun daga nesa na ga a zaune kike.”

Allah ya ba su 'ya'ya biyar tsakanin 1977 da 1986, ɗaya ya rasu yana jariri. Dukkansu sun tashi da wata al'ada ta gidan. Duk safiya, in yaro ya saɓa jakar makaranta, sai uban ya tare shi a bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, ya ɗora ɗayan a kansa, ya ɗan juya shi dama da hagu a hankali, ya ce, “Ya zauna. Je ka.” Yaran sun ɗauki abin wasa. Da suka fara girma sai suka riƙa sulalewa ta bayan gida don kada abokai su gani.

Cikinsu Auta ce kaɗai ta gaji sana'ar. Ta fara taya shi tun tana sakandare, a shekarar 2006 kuma aka ɗauke ta aiki a ɗakin. Zuwa lokacin kawunan katako sun ƙare, jikin sanduna ya koma mara nauyi, gam kaɗai ke riƙe da wuya, don haka murɗawar ta ƙara zama wajibi. A 2008 Auta ta haifi 'ya mace wadda daga baya kakan ya laƙaba wa Tsalle, domin ba ta iya tafiya ba sai da tsalle.

Shekarun Tsufa

Daga shekarar 2012 gaɓoɓin yatsunsa suka fara kumburi. Ya ɓoye abin, yana jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ya fita, matarsa kaɗai ta san cewa ita ke buɗe masa murfin kwalba. Wanki da goge-goge ya bar wa Auta rabi, amma murɗa sanda bai yarda kowa ya karɓa ba.

A shekarar 2016 shugabannin filin suka tara tsofaffin sanduna domin a riƙa koya wa 'ya'yan ma'aikata wasan ranar Asabar. Baba Murɗa ya yi murna ƙwarai, ya wanke su da kansa, ya murɗa kowace, ya ce sun zauna. Ranar farko yara suka yi layi a wurin koyo, sun cunkushe a bayan juna kamar yadda yara kan yi, Tsalle mai shekara takwas tana kan gaba. Auta ce ta ɗauko jakar. Tana cikin tafiya, hannunta ya kai kan wata sanda ya murɗa, don sabo kawai, sai kan ya juya ya zare ya zauna a tafinta. Ta ajiye jakar a kan hanya ta bi sauran, ta sami wata ma tana motsi.

Daga baya ta shaida cewa ta yi tunanin ta ɓoye su, ta sa gam ba da saninsa ba, domin ta san abin da hannun nan yake nufi a wurinsa. Amma ta tuna cewa gobe ma akwai sanduna, jibi ma haka. Sai ta aika a ce wa yaran su jira, ta koma ɗakin gyara, ta ajiye kan da jikin a kan teburi a gabansa.

Ya dube su, ya dubi hannunsa. Ya ce, “Wannan na murɗa ta?”

Ta ce, “Ka murɗa, Baba.”

“A hannun wa ta cire?”

“A hannuna, a kan hanya. Ba ta kai wurin yara ba.”

“Tsalle fa?”

“Tana can tana tsalle, tana cewa an ɓata mata lokaci.”

Ya zauna a kan kujerarsa, ya yi ta hamdala har Auta ta daina jin kalmomin. Sannan ya miƙa mata hannunsa ya ce ta riƙe, ya matse da iyakar ƙarfinsa, ya tambaye ta abin da ta ji. Ta ce, “Gaskiya, Baba, kamar gaisuwa.” Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, “Ashe shekara nawa ina gaisawa da sanduna, su kuma suna amsawa don kunya.”

A ranar ya sa aka bi duk jakunkunan da ke ajiye a ɗakin, Auta tana murɗawa yana kasa kunne, suka ware waɗanda ke bukatar gam. Washegari ya je da ƙafarsa ya gaya wa shugaban filin halin da hannunsa ke ciki, ya roƙi a mayar da ɗakin hannun 'yarsa, aka amince. Ya ci gaba da zuwa yana wanki da bin tsagogi da tsinke, wanda ba ya bukatar ƙarfi, har zuwa 2020. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya saki jiki ya ci abinci kamar a waɗannan shekaru ba.

Rasuwarsa

Baba Murɗa ya rasu a gida a shekarar 2022, yana da shekara saba'in da uku, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar da iyayensa suke. Ma'aikatan filin da 'yan wasa da dama sun halarta. A tsawon shekarun da ya yi a ɗakin gyara, ba a taɓa samun sandar da ta fito daga can ta raunata kowa ba. Tsohon kan sandar nan na 1957 yana nan a kan teburin, Auta tana danne tawul da shi.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babban, direban motar haya, mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, na uku, mai gyaran lantarki, sai Auta, mai kula da ɗakin gyaran sanduna. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa.

Cikin jikokin, Tsalle ce ta fi daɗewa a gabansa. Kafin ranar Asabar ɗin nan takan zille in ya miƙo hannu zai dafa kanta, tana cewa, “Tsoho, za ka ɓata mini kitso.” Bayan mahaifiyarta ta nuna mata sandar da ta cire, ta kuma ba ta labarin idon mahaifin kakanta kamar yadda ta ji shi, ba ta sake zillewa ba. Kullum da safe ita ke zuwa ta tsaya a gabansa da jakarta, ta sunkuyar da kai. Ta gane cewa kakanta ba ya barin abin da yake ƙauna ya fita ƙofa sai ya taɓa shi da hannunsa ya ji lafiya yake.