Firjin Asibitinmu da Aka Ara Ranar Biki

Bazarar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana, Yaya Sale. Kowace shekara addu'a kawai nake yi masa in yi shiru. Bana na kasa shirun, domin abubuwa biyu sun same ni a wata guda: an miƙo mini katin inshorar lafiya a ofishinmu na Dutse, sannan mutumin da ya yi sanadin mutuwarsa ya zo har gida neman gafara.

Yaya Sale manomi ne a ƙauyenmu da ke tsakanin Jahun da Dutse. Lokacin da aka ba mu jiha, murna ta sa mutanen gari suka yi gayya suka gina ɗakin shan magani da hannunsu, shi ne ma ya jagoranci kwaɓa ƙasa. Hukuma ta turo mana ma'aikacin lafiya, Malam Bitrus, mutumin Filato, da firji mai aiki da kananzir. A cikin firjin ake ajiye allurar rigakafin yara da ta dafin maciji. Mu da kububuwa ta addaba a gonaki, wannan farin akwatin ya fi mana komai daraja a garin. Yaya Sale ne ke ɗauko kananzirinsa a keke duk ranar kasuwa, ba wanda ya sa shi. Muna tsokanarsa muna cewa firjin ne amaryarsa, shi kuwa sai dariya.

Wata bazara kansilanmu na lokacin ya tashi aurar da ɗansa. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa, garin ma ya san shi. Manyan baƙi za su zo daga Dutse, ga zafi, ba zai yiwu a ba su lemo da ɗumi ba. Sai ya aiko da a-kori-kura a ɗauki firjin asibiti, wai aro na kwana biyu. Malam Bitrus ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai magani a ciki, zafi zai kashe shi." Kansila ya ce, "Malam, kai baƙo ne a nan. Kayan gwamnati ne, ni kuma ni ne gwamnati a garin nan." Aka kwashe kwalaben aka zuba a kwali. Malam Bitrus ya naɗe su a leda ya sa a gindin randa, iyakar dabararsa ke nan. Kwana biyu suka zama sati uku.

A cikin sati na uku Yaya Sale yana sharar gona kububuwa ta sare shi a dunduniya. Da ƙafarsa ya zo asibitin, har yana ba mu haƙuri don ya ga hankalinmu ya tashi. Aka yi masa allurar, muka koma gida da kwanciyar rai, tunda mun sha ganin ta yi aiki. Washegari jini ya fara fita ta dasashinsa. Kafin mu sami motar da za ta kai shi babban asibiti, rana ta yi tsaka, jikinsa ya riga ya saki. Likitocin can sun yi iya ƙoƙarinsu. Ya cika a rana ta uku, ya bar mace da 'ya'ya shida. Ranar sadakar uku aka maido da firjin, da tabon zoɓo a cikinsa. Ni na gani da idona.

Malam Bitrus ya rubuta abin da ya faru ya kai sama. Sakamakonsa canjin wurin aiki zuwa wani lungu. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, na ce to, ranarmu ta zo. Na je na zauna gaban wani dattijo masanin shari'a na zayyana masa komai. Ya saurare ni da kyau, ya ce aro ba sata ba ne, maciji kuma ba kansila ya aiko shi ba, in rungumi ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, Allah shaida ne. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda kullum ƙaddarar talaka take bi ta hannun mutum ɗaya, shi kuma ya fita fes.

Yanzu ga kati a aljihuna. Ya ɗauke ni, da matata, da 'ya'yana huɗu, saboda ina zaune a kan kujerar gwamnati. Marayun Yaya Sale da ke cin tuwo a kwano ɗaya da nawa ba sa ciki. Da yana nan, zai jujjuya katin ya tambaye ni a natse: manomin da maciji ke jira a gona fa, ina nasa? Ina dai gaya wa masu tsara abin nan cewa inshorar da ta tsallake mai fartanya ta faɗa kan mai biro ba gyara ba ce. Kuma ko an ba kowa kati, muddin mai mulki zai iya aika mota a kwashe kayan asibiti ya kwana lafiya, katin takarda ce kawai.

Sai ga tsohon kansila makon jiya. Zai tafi aikin Hajji, yana zagayen sallama kamar yadda aka saba. Ya tsufa, yana dogara sanda. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Ya ce, "Malam, zaman tare sai da saɓani. Duk abin da ya faru, a yafi juna." Na ce, "Baba, wanne daga ciki? Faɗe shi da bakinka in ji." Ya dubi ƙasa, ya gyara hula, ya sake cewa, "Duk abin da ya faru dai." Shekara goma sha ɗaya, bakinsa bai iya furta sunan Sale ba. Na ce masa Allah Ya kai shi lafiya, Ya dawo da shi lafiya, amma ban yafe ba, kuma ina so ya tuna da haka ranar tsayuwar Arfa.

An yi ta zuwa ana ba ni baki, wai ba halin gidanmu ba ne. Gaskiya ne. Abin da Yaya Sale ya bari shi ne 'ya'ya shida masu sanyin hali irin nasa, da ɗakin maganin da har yau ake haihuwa a cikinsa. Na kuma san cewa da a ce Yaya Sale aka zo wa, da ya yafe tun kafin tsohon ya gama zama. Amma shi yana kabari. Ni aka tambaya.