Layi Ɗaya da Aka Hana Ni Gyarawa a Funtuwa

Tudun Wada zuwa Kwangila

Ana sallame sallar asuba na rataya jakar kwamfuta na fito, ko shayi ban tsaya sha ba. Sista Rifkatu ce ta taso ni, tsohuwar maƙwabciyarmu da ke aikin jinya a wani asibitin kuɗi a Funtuwa. An kwantar musu da wani dattijo, Baba Audu, ya faɗo daga kan rumbu ƙugunsa ya bugu. Sun ɗauki hoton ƙashin, amma hoton ya ƙi tafiya ta kwamfuta zuwa wurin likitan da ke duba musu hotuna daga Kano. Ta gwada ɗaukar fuskar kwamfutar da waya, likitan ya ce ba zai yanke hukunci a kan dishi-dishi ba. In tsagewa ce kawai, a nan za a yi jinyarsa. In ba a gano ba, dole a ɗora tsoho a mota da wannan ciwo.

Keke ya sauke ni a Kwangila, tashar mota a nan Zariya, aka cusa mu biyu a gaban wata ƙaramar mota.

Hanyar Giwa

Mun wuce Samaru da Shika lafiya. Bayan Giwa masu kaki suka tsayar da mu, ɗayansu ya ƙura wa jakata ido.

"Kai ɗan yahu ne?"

"Yallaɓai," in ji direba, "ɗan yahu ne zai yarda a matse shi haka a motata?"

Mai kakin ya yi dariya ya ɗage mana itacen da suka tare hanya da shi. Ni dai ban yi ba, hankalina yana kan tsohon.

Funtuwa

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Na ci ƙosai a tsaye, Sista ta kai ni ɗakin na'urori. Na fara da fayilolin saiti. Ina da manhajar da ta koyi yadda lafiyayyen saiti yake daga ɗimbin misalai, ta bi nasu ɗaya bayan ɗaya ba ta ga aibu ba. Saura fayawol, wato katangar da ke tace abin da zai shiga ko ya fita daga kwamfutocin asibitin. Nan na tarar da dokoki jibge kan dokoki kamar kayan wanki.

A da da hannu muke tsefe irin wannan, ka gyara nan can ya ɓalle. Yanzu misalai kake ba manhaja: wannan saƙo ya wuce, wancan a tare shi. Ita za ta ƙera gyara mafi ƙanƙanta, ta kuma tabbatar bai taɓa sauran dokokin ba. Amma misalan daga masu wuri suke fitowa, su kuwa wa da ƙane ne da suka gaji asibitin, ba sa ga maciji.

Na sami ƙanen, Malam Nasiru, mai kula da ɗakin hoto. Ya ce a buɗe wa ɗakinsa ko'ina. Na haura wurin wan, Alhaji Bello, wanda kalmar sirrin katangar ke hannunsa. Ya ce kada ko ƙwayar saƙo ta fita daga ɗakin hoto, don yana zargin ƙanen da yin aikin waje a bayan idonsa. Ashe shi da kansa ya sa aka toshe. Na zuba wa manhaja maganar kowannensu, ta ce babu gyaran da zai cika duka biyun. Na'ura ma ta ga abin da ke gidan.

Sai na ba ta misalin Sista kaɗai: hoto ya je wurin likitan Kano, ba wani wuri ba. Kafin in gyara zama ta fito da layi ɗaya. Na koma sama da kwamfutar a hannu.

"Alhaji, ƙofa ɗaya ce tak, zuwa mutum ɗaya. Ga shaida komai na nan a rufe."

"Injiniya, ka yi ƙoƙari. Amma maganar gida ce, sai mun zauna da kawunnanmu."

"Yaushe, Alhaji?"

"Bayan Juma'a, in Allah ya yarda."

Ranar Talata ce fa. Na roƙa, Sista ta roƙa, ɗan Baba Audu ya durƙusa har ƙasa. Alhaji ya ɗauki carbinsa ya ce azahar ta yi. Tunda nake aikin nan raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba. Mutum yana ƙasa yana nishi, kai kana sama kana rabon gado da wayoyi!

Komawa

Da la'asar 'ya'yan tsohon suka yanke shawarar kai shi babban asibiti a Zariya. Suka ɗauki shatar mota, suka ce in shiga gaba tunda hanyarmu ɗaya. An shimfiɗa shi a baya, kansa a cinyar ɗansa. Direba ya yi ta lallaɓawa, amma ramukan hanyar ba sa jin lallami. Duk wanda muka faɗa sai in ji salatin tsohon ya katse a tsakiya.

Wajen Shika ya tambayi ɗansa ko wane ne a gaba. Aka ce mai gyaran na'ura ne da ya zo dominsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Ta ƙi gyaruwa ko?"

Na ce, "Ta gyaru, Baba."

Na sauka a Kwangila ana kiran magariba, na iso Tudun Wada lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Sista Rifkatu da direban da ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Washegari ɗan ya kira ni. Likitocin Zariya sun ce da farko tsagewa ce, jijjigar hanya ta ƙarasa karya ƙashin.