Ranar da Mama Ta Ce wa Baba "Da Sauƙi"

Abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina karatu a Samaru sun ɓace mini, har da fuskokin wasu malaman da suka ba ni wuya. Amma yammacin ranar da aka yi wa mahaifiyata tiyata a wuya, wannan kam ko na so in manta da shi ba zai yiwu ba. Yana nan daram, har launin gyalen da ta yafa ina iya faɗa.

A unguwar Jushi da ke Zariya muke zaune a lokacin. Mama tana da rumfa a kasuwar Sabon Gari, tana sayar da manja da busasshen kifi, kuma ita ce mai bayar da waƙa a zumuntar matan cocinmu. A waje babu wanda ya kai ta fara'a. A gida kuwa mita ce da ita, kuma mutum ɗaya take yi wa, wato Baba. Shi kafinta ne a Chikaji, mutum ne da zai wuni bai yi maganar da ta cika cokali ba. Kullum da safe, kafin ya gama shan kunu, ta riga ta karanta masa abin da ke damunta: gwiwarta, bayanta, hayaƙin maƙwabta, da rufin ɗakin da ke yoyo alhali kafinta ne ke kwana a ƙarƙashinsa. Shi dai sai ya ce "To," ya ɗauki kekensa. Haka muka taso muka same su, kuma ban taɓa ganin alamar ɗayansu ya gaji ba.

Kumburin ya fara ne ƙarami a gaban wuyanta, bai fi goro ba. Kowa ya ce maƙoƙo ne, a ƙauyensu ma tsofaffi nawa suka rayu da shi har suka ga jikoki. Da ya fara fitowa fili sai ta koma naɗa gyale a wuya, kowane zani da gyalen da ya dace da shi, har matan kasuwa suka ɗauka ado ne suka fara kwaikwayo. Shekaru aka yi a haka. Sai da tuwo ya fara yi mata wuyar haɗiya, muryarta kuma ta fara dushewa a tsakiyar waƙa, sannan ta yarda muka je babban asibiti.

Aka zuƙi wani abu daga cikin kumburin da allura, aka ce mu dawo. Da muka koma, likitan ya zaunar da mu mu uku ya ce ciwon daji ne, a wata tsoka da ke gaban maƙogwaro, kuma dole a cire ta gaba ɗaya. Ya ce irin wannan yana da dama-dama, mutane da yawa sukan daɗe bayan aikin. Sai dai aikin ma yana da nasa rigimar. Jijiyar murya a jikin wurin take, tana iya taɓuwa. Za ta sha ƙwaya kullum har ƙarshen rayuwarta. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce a ranar farko jini yana iya taruwa a ciki ya danne hanyar numfashi.

"In kuka ga wuyan yana kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya, kada ku tsaya neman izini," in ji shi. "Ku yi ihu kawai."

Duk mun gyaɗa kai. Mama kuwa tun daga maganar murya ta daina sauraro. Ta ce, "Likita, zan yi waƙa?" Ya ce ba zai yi mata alkawari ba. Ta dubi Baba kamar shi ne ya ƙirƙiro ciwon.

Da sassafe aka shiga da ita, wajen tsakar rana aka fito da ita. Akwai bandeji a wuyanta, da wata siririyar roba da ta fito daga ƙarƙashinsa ta shiga kwalba, don jinin da ya taru ya riƙa fita. Da Baba ya ga ta farka ta gane mu, sai ya ce zai koma Chikaji ya ƙarasa wata ƙofa da ya yi wa mai ita alkawari, zai dawo da yamma. Ni aka bari da jinya. Nas ta duba wuyan ta ce komai lafiya, a bar shi a buɗe yadda za ta riƙa gani in ta wuce.

Tana juya baya Mama ta tura hannu ƙarƙashin matashi ta jawo gyale, shuɗi mai zanen ganye. Ashe tun jiya ta ɓoye shi a wurin. Na ce, "Mama, an ce a bar shi a buɗe." Cikin raɗa ta ce, "Za a zo dubiya. Ba za a gan ni kamar akuyar da aka fara yankawa aka fasa ba." Wanda ya san Mama ya san ba a ja da ita, ko da murya ko babu.

Kowa ya san yadda dubiya take a wurinmu. Mai zuwa ya ce "Sannu, ya jiki?", mai ciwo ya ce "Da sauƙi," ko da kuwa ransa ne a maƙoshi. Na taɓa raka kakata dubiyar wani tsoho da ya ce mana da sauƙi, kafin mu kai bakin titi muka ji kuka ya tashi. Babu wanda ya ce tsohon ya yi ƙarya. Ladabi ya yi, kuma da ya faɗi wani abu dabam da an ce ba shi da haƙuri.

Da la'asar aka buɗe ƙofa ga masu dubiya, sai ga Sabon Gari ta taso. Matan layin manja, maƙwabtanmu Inyamurai da nasu "Sannu o, Mama, yaya jiki?", sannan zumuntar mata cikin anko, bas biyu cike. Nas ta ce a riƙa shiga kaɗan-kaɗan, amma masu shiga ba sa fita. Ni ina bakin ƙofa ina karɓar kulolin abinci da gorunan kunu, abincin da mai ciwon ba ta da izinin ci. Daga inda nake ina jin amsarta tana fita ɗaya bayan ɗaya, da sauƙi, da sauƙi, mun gode wa Allah.

Sai shugabar zumunta, wata dattijuwa mai kirki ƙwarai, ta ce ba za su tafi ba sai sun yi mata waƙa ɗaya a hankali. Suka fara. Waƙar kuwa irin wadda Mama ke bayarwa ce su amsa, kuma da suka zo wurin da take shiga, sai ta ɗaga kai ta yunƙura za ta shiga. Abin da ya fito tari ne, mai ƙarfi, har gadon ya girgiza. Aka yi ta yi mata sannu. Ta ɗaga hannu alamar ba komai, aka ci gaba da waƙa.

Daga nan ta ƙi kwanciya. Ta zauna ta dafa katifa da hannu biyu, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Wata ta ce zafi ne, aka shiga yi mata fifita. Na leƙa kwalbar na ga jinin bai ƙaru ba, na ji daɗi, na ce a raina ciwo ya fara kamewa. Daga baya ne muka ji cewa robar ce ta toshe. Nas ta leƙo ta kan kafaɗun mutane ta ce, "Mama, ya jiki? A cire gyalen nan fa." Mama ta ce, "Da sauƙi, 'yata," ta kai hannu kamar za ta cire. Aka kira nas ɗin wani gado, gyale ya zauna inda yake.

Ana cikin haka Baba ya iso, da garin katako a hularsa. Shi da ba ya son taron mata, sai ya raɓe a baya yana jiran layi kamar baƙo. Da aka buɗa masa hanya ya matsa bakin gado ya ce, "Sannu. Ya jikin?"

Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Da sauƙi."

Ya tsaya yana jira. Na san abin da yake jira, domin ni ma shi nake jira: sai yanzu ka ga damar zuwa, ƙofar wani ta fi matarka, dubi hularka a gaban mutane. Babu ko ɗaya da ya zo. Ya juyo ya ce mini, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce da sauƙi, Baba."

"Ni ta ce wa da sauƙi?" in ji shi. "Ni?"

Sai ya yi abin da ba a yi. A gaban zumunta, a gaban matar fasto, ya sa hannu ya warware gyalen daga wuyan matarsa ya fizge shi. Shugabar ta ce, "Haba, Baba kafinta, a gaban jama'a?" Ba ta rufe baki ba ta ga abin da muka gani. Wuyan ya cika ya yi tam, ya fi yadda yake kafin a yi aikin, bandejin ya ɗame, fatar gefensa tana ƙyalli. Waƙa ta tsaya, kuma a cikin shirun ne muka ji numfashinta yana fita da wani siririn fito. Wa ya san tun yaushe yake fita haka.

Ranar na fara jin ihun Baba. Ban san yana da murya irin wannan ba. Nas ta zo a guje, ta kori kowa da kowa, wani matashin likita da ke bakin aiki ya biyo ta. Bai tsaya neman gadon tura marasa lafiya ba. A nan kan gadon ya yaye bandejin, ya yanke zaren ɗinkin, ya sa yatsu yana kwaso gudajin jini baƙi ƙirin kamar hanta. An ja labule, amma ta gefensa na ga lokacin da Mama ta ja numfashi guda mai tsawo, kafaɗunta suka sauka. Sannan aka sake turata ɗakin tiyata don a ɗaure jijiyar jinin da ta ɓalle.

Matan suka zauna a baranda suna addu'a ƙasa-ƙasa, babu wadda ta ƙara tayar da waƙa. Baba yana gefe a tsaye da gyalen a hannu. Ya ninke shi, ya warware, ya sake ninkewa. Haka ya yi ta yi har aka fito aka ce mana ta tsira.

Washegari babban likitan ya ce da an jira masu dubiya sun watse, da ba wannan maganar muke yi ba. Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya dai tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba, ta sunkuyar da kai. Sai bayan mun koma gida na matsa mata. Ta ce, "Mutane sun rufe rumfunansu sun taho tun daga kasuwa, sai in ce musu ina mutuwa?" Na ce to Baba fa, shi ai ba baƙo ba ne. Ta ce, "Na so in yi masa mitar. Numfashin da ya rage mini ne bai isa ba."

Kwanaki kaɗan bayan aikin, tun ba a sallame mu daga asibiti ba, leɓunanta suka fara yi mata tsiki-tsiki, yatsunta suka ƙage suka ƙi miƙewa. Wannan karon duk ɗakin sai da ya ji, ta bubbuga ƙarfen gado da cokali har nas ta zo. Aka ce wani sinadari ne ya yi ƙasa a jininta, abin da yakan biyo bayan irin wannan aiki, aka yi mata allura aka ƙara mata ƙwayoyi, ya wuce.

Muryar ce ba ta dawo ba. Likita ya ce ciwon ya riga ya naɗe jijiyar gefe ɗaya, babu yadda za a raba su lafiya. Tana magana, amma a dushe, kuma ba ta iya ɗagawa. Lahadin farko da ta koma coci, wata yarinyar mace ce ta bayar da waƙa, Mama tana layin baya an ba ta tulun kiɗa tana bugawa. Ta buga shi daidai har aka tashi, ta dawo gida ta shiga ɗaki ta yi kuka. Abin ya yi mini ciwo, har yau in na ji waƙar nan sai na tashi na fita. Amma ciwon dajin bai dawo ba. Tana zuwa asibiti a duba ta, tana shan ƙwayarta kafin karin kumallo, gyalen kuma duk ta rabar, tana yawo da tabonta a fili. Rufin ɗakin nan kuwa Baba bai gyara shi ba har ya rasu, kuma ina zargin da gangan ne.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. "Da sauƙi" gaisuwa ce, ni ma ina faɗarta, amma na daina ɗaukarta a matsayin labarin jikin mutum. In na je dubiya nakan gaisa in karɓi amsata, sannan in zauna in kalli yadda mutum ke numfashi da abin da ya rufe. In kuma nawa ne, nakan saurari ko ya yi mini magana yadda ya saba.

Yanzu aure ya kai ni nesa da Zariya, kuma tun da Baba ya tafi ni na gaji kujerarsa. Kowace safiya Mama takan kira ni da dusasshiyar muryarta ta karanta mini gwiwa, da baya, da maƙwabta, da 'ya'yan zamani da ba sa zuwa ganin iyayensu. Ni kuma in ce "To." Mijina yana tausaya mini, yana cewa ina da haƙuri. Na riga na gaya masa, muddin tana mita, to lafiya lau take. Ranar da ya ji na ce "Mama, ya jiki?" ta ce mini da sauƙi, kada ya tambaye ni komai, ya ɗauko makullin mota ya kai ni tasha.