Ƙofar da Aka Toshe da Laka

Ranar wata Asabar Baba ya kwashe mu a keke mai ƙafa uku, ni da Kaka, muka je ganin filin da ya samu can bayan Umarari. Kaka mahaifiyarsa ce, ita ta rene ni tun rasuwar Umma. Tun da ruwa ya ci gidanmu na Gamboru muke raɓe a ɗaki biyu na aro a Lamisula, don haka kowa na murnar za mu koma namu. Ni kuwa murnar ta ƙi zo mini.

Mun tarar magini ya riga ya kafa turaku, ya ja igiya, ya bi ta da toka. Gidan gaba ɗaya yana kwance a ƙasa, farin zane a kan rairayi. Duk inda zanen ya yanke, nan ne ƙofa.

"Wushe, sannu da zuwa, Kaka," in ji magini. "Ga fadarki nan, saura rufi."

"Rufin ai shi ne gidan," in ji ta. "Ka samo mini abin zama tukun."

Ya jera mata bulo biyu ta zauna. Baba ya shiga gaba yana tsallake zanen yadda ya ga dama, daga zaure ya faɗa kicin, daga kicin ya faɗa banɗaki, yana nunawa da bakin makulli. Na ɗaga ƙafa zan bi shi, sai ƙafar ta ƙi. Toka ce kawai, na sani, amma a idona bango ne. Sai na koma na shiga ta ƙofar zaure kamar baƙuwa, na karya kwana, na ratsa tsakar gida, na bi wani siririn lungu tsakanin kicin da ɗakin Kaka.

"Naki ke nan," in ji Baba. "Ƙurya. Ko muryar maza ba za ki ji ba."

Haka ake yi, ɗakin budurwa shi ne mafi nisa da titi. Gata ya yi mini. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na juya. Ƙofa ɗaya. Taga ɗaya, wadda na san ƙarfe za a gitta mata. Daga nan zuwa waje taku arba'in da uku, na ƙirga ban ma san ina ƙirgawa ba.

Ɗakinmu na Gamboru ma ƙurya ne. Ranar da ruwan ya zo, da hantsi, Baba ya fita neman abin da zai kwashe mu, ya ce mu haɗa kaya. Muna cikin ɗaure ƙunshi tsakar gida ta cika. Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce, waje take buɗewa, ruwa ya danne ta. Na tura da kafaɗa har fata ta saɓule. Na kama ƙarafan taga ina jijjigawa ina ihu. Na ɗora Kaka a kan durom, ni ina tsaye ruwa na hawa daga gwiwa zuwa ƙugu zuwa ƙirji, ga takalmanmu suna yawo a gabana. Maƙwabcinmu na baya, inda ƙasa ta ɗan fi tudu, shi ya ji mu. Da diga ya fasa bangon. Bulon siminti ne mai kyau, Baba yakan yi alfahari da shi, ya daɗe bai fashe ba. Har yau in ana daka a maƙwabta sai na ajiye abin da ke hannuna.

Ban taɓa gaya wa Baba wannan dalla-dalla ba. Shi ya same mu a waje, da rai, ya yi hamdala. A wurinsa maganar ta ƙare.

"Ba ki ce komai ba," in ji shi.

"Ya yi kyau, Baba."

Me zan ce a gaban magini? Suka wuce wajen da za a haƙa rijiya. Magini na cewa jibi za a fara haƙa tushe, in an zuba kankare kuma sai dai haƙuri. Jibi. Na matsa jikin zanen baya, na sa silifas na share tokar, faɗin mutum ɗaya. Na tsaya a wurin kamar wadda ta yi sata.

Magini ne ya fara gani. "Alhaji, an ƙara mana ƙofa."

Baba ya zo ya duba ƙasa, ya dube ni. "Ke kika yi?"

"Ni ce."

"Ƙofa a ɗakin 'ya mace, tana kallon bayan gida? Me kike so mutane su ce? Ɓarayi fa? Gida mai ƙofa biyu, maigidansa ba ya barci."

"Mai ƙofa ɗaya ma wata ba ta barci," in ji Kaka daga kan bulonta. "Kai munshari kake yi, ni nake kwana da ita. Ka tambaye ta me ya sa take kwana da takalmi a ƙafa."

Kunya ta kama ni, don ban san ta lura ba. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai wata magana daban ta fito.

"Baba, bangon ya ƙi fashewa. Ina jin digar, ruwa na nan," na nuna ƙirjina, "bangon ya ƙi."

Ya kawar da kai yana murza makullin hannunsa. Amma ya ce, a hankali, ƙofa dai ba za a yi ba.

Magini ya tsuguna a bakin wurin da na share. Ya ce akwai abin da suke yi wa masu niyyar ƙara ɗaki nan gaba. A zuba linta, wato kankaren da ake gittawa a saman ƙofa, sai a cike ƙasanta da ƙaramin bulo, a ɗaure da laka maimakon siminti, a shafe da filasta ciki da waje. Mai wucewa bango zai gani.

"Daga ciki fa?" na tambaya.

"Taɓarya ta isa. Duka uku, huɗu."

"Ko ni zan iya?" in ji Kaka.

"Ke ai da harara ma za ki kayar da shi."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ɗebi toka a buhu da hannunsa, ya mayar da zanen, amma ɗigo-ɗigo, ba a haɗe ba. Ya ce wa magini maganar ta tsaya tsakaninmu mu huɗu. Ƙofar ɗakin kuma a sa ta tana buɗewa ciki.

Ranar da aka zo ginin wannan bangon na je na tsaya a kansu, na taɓa lakar da yatsana don in tabbata. Yanzu an yi fenti, ba a gane wurin. Ni na san shi: taku biyu daga kan gadona, in an ƙwanƙwasa sautinsa daban ne. Taɓaryar na jingine a kusurwa, na hana kowa daka da ita. Na fara cire takalmi in zan kwanta. In hadari ya haɗu ta gabas dai, har yanzu nakan tashi in ƙwanƙwasa, in ji ko yana nan.